Ba kowane ganye ne taki ba: yadda zaka gane itacen da ke ciyar da gonarka

Salam 'yan uwa manoma. Tunda aka gama kawar da amfanin gona nake ganin hayaƙi ta ko'ina a hanyar Kumo zuwa Gombe, kowa ya share ganye da kara ya tara ya cinna musu wuta, kuma mu ɗin nan dai mu ne in damina ta faɗi zamu shiga kasuwa muna kukan tsadar buhun yuriya. Abin yana ci min rai wallahi, shi yasa nace bari in zauna in rubuta ɗan abinda na koya a gonarmu ta gado da kuma wanda na karanta a makaranta, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Ka fara gane aikin da itace yake maka tukuna. Yawancin saiwar masara ko gero a sama-sama take, amma saiwar itace tana nutsawa can ƙasa inda garma bata taɓa zuwa ba, ta zuƙo abincin da ruwan sama ya wanke ya gangara da shi, ta hau da shi cikin ganye, in hunturu yayi ganyen ya zubo a saman gonarka. Kaga kenan abinda ya tsere maka ne itacen yake dawo maka da shi. Shi yasa in ka shiga dajin Yankari ko dajin Kanawa da ke Yamaltu Deba zaka ga ƙasar gindin itatuwa baƙa ce mai laushi, alhali babu wanda ya taɓa zuba mata ko mudu ɗaya na NPK. Sai dai akwai wani abu da mutane da yawa basu sani ba, itace baya sakin ganye haka kawai, kafin ganyen ya faɗi sai ya janye kusan rabin naitirojin da fosfaras ɗin da ke ciki, wato sinadaran abincin shuka irin na cikin buhun taki, ya mayar jikinsa ya ajiye. Kalsiyam ne baya iya janyewa, shi yana nan cikin ganyen har ya faɗo. Don haka ɗanyen ganyen da ka sara da hannunka da busasshen da ya faɗo da kansa ba ƙarfinsu ɗaya ba, ɗanyen ya fi naitirojin nesa ba kusa ba. Ka riƙe wannan, zai maka amfani a gaba.

Toh abu na farko da zaka yi baya buƙatar ko sisi. Ka ɗauki fartanya ka je gindin itacen da ke gonarka, kada ka tona dab da kututture, ka tsaya wajen tsakiyar inuwa, ka sara kamar tsawon taƙi ɗaya, sannan ka taka kamar taku talatin zuwa fili inda inuwa bata kaiwa ka sake sara irinsa. Ka ɗebo ƙasar biyu ka aje gefe da gefe a kan buhu, ka yayyafa musu ruwa kaɗan. Ka duba launi, wacce ta fi duhu ta fi ruɓaɓɓen ganye. Ka dunƙula a hannu, mai kyau zata dunƙulu amma in ka taɓa ta da yatsa ta warware gari-gari kamar dambu, marar kyau ko dai ta zube kamar yashin rafi ko ta daskare kamar bulo. Ka shinshina, ƙasa mai rai tana da ƙamshin nan na ruwan farko. In lokacin damina ne ka duba ko akwai kashin tana, ɗan murɗaɗɗen nan da take turowa sama, in rani ne ka ɗaga ganyen ka ga ko gara ta yi masa rufin laka tana ci. In ka tarar ganyen bara da na bana duk suna nan jibge basu canza kama ba, to wannan ganyen baya ruɓewa da wuri, ka sa masa alama a ranka.

Abu na biyu shine rarrabe ganyen, kuma hannunka ya isa. Ka murza busasshen ganye a tafin hannu. Na kuka da zogale da gawo zasu zama gari nan take. Na mangwaro da kashu da kaɗanya da itacen turare (wato eucalyptus) zaka ji su kamar fata, suna lanƙwasa ko su karye da ƙara amma jijiyar tana nan. Wannan taurin daga wani sinadari ne da ake kira liginin, shi ne ke sa itace ƙarfi, kuma ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye suna shan wuya kafin su cinye shi. Akwai kuma bauri. Duk wanda ya ga majema suna jima da bagaruwa ya san aikin bauri, yana kama fata ya hana ta ruɓewa, to haka yake kama naitirojin ɗin cikin ganye ya riƙe shi. In kana son ganin mai bauri ka jiƙa ganyen a roba ya kwana biyu, wanda ruwansa ya koma kamar baƙin shayi mai kauri yana da shi sosai. Masana ƙasa suna da ma'auninsu, ganyen da naitirojin ɗinsa ya haura kashi 2.5 cikin 100, liginin bai kai kashi 15 ba, bauri bai kai kashi 4 ba, shi ne za'a iya binnewa kai tsaye a gona ya yi aikin taki a wannan daminar. Sauran sai an haɗa musu da wani abu ko a basu wani aikin daban.

Nan ne ni na taɓa yin asara. Wata shekara na samu ganyen turare da na mangwaro buhu-buhu daga wata makaranta da ake sharewa, na yi murna na kwaso a amalanke na binne a kunya sati biyu kafin shuka, ina ganin na huta da sayen taki. Masara ta fito lafiya, bayan sati uku sai ta fara yin ɗorawa-ɗorawa daga ganyen ƙasa, ta tsaya cak, ta maƙwabcina da bai sa komai ba ta fi tawa kore. Baffana ya zo ya tsuguna ya tona gindin guda ɗaya, ya ciro ganyen yana nan yadda na sa shi, yace min, ɗana ai wannan bai nuna ba, ɗanyen abinci ka ba ƙasa. Sai daga baya na fahimci maganarsa daidai take da ta littafi. Halittun nan da ke ruɓar da ganye su ma abinci suke ci, kabon ɗin ganye shi ne tuwonsu, naitirojin shi ne miya. In ka kawo musu tuwo malmala talatin ko fiye da miya ludayi ɗaya, ba zasu ci gaya ba, zasu ɗebi miyar da ke cikin ƙasa, wato wacce masararka ke jira. Zasu dawo da ita daga baya in sun gama, amma lokacin masara ta riga ta tsumbure, damina kuma bata jiran kowa.

In kana son ka gani da idonka, tunda gani ya kori ji, ka samu tsohon gidan sauro ka yanka ka ɗinka 'yan jakunkuna kamar tafin hannu biyu, ka huda su da ƙusa wuri-wuri don gara ta samu hanya. Kowace jaka ka sa mata ganye iri ɗaya, cikin gwangwanin madara biyu, ka ɗaura mata tsumma mai launi daban don kada ka rikice. Da ruwa ya zauna ka binne su sama-sama a wuri ɗaya, bayan sati huɗu ka tono ka duba, ka mayar, bayan sati takwas ka sake dubawa. Ka sa yaran gida su yi da kai, suna son irin wannan, kuma abinda yaro ya tono da hannunsa baya mantawa.

Yanzu bari mu bi itatuwan namu.

Gawo shi ne sarki a wannan fanni kuma iyayenmu sun san haka tun kafin a kawo takin zamani. Shi komai nasa a juye yake, lokacin da sauran itatuwa ke fitar da ganye da farkon damina shi lokacin yake zubar da nasa, ya tsaya tsirara duk damina, sai kaka ta yi ya koma kore shar. Ka duba hikimar Allah a nan, ganyen ya faɗo daidai lokacin da ƙasa ta jiƙe kuma yabanya ke neman abinci, ganyen ƙanana ne masu laushi suna ruɓewa da sauri, sannan babu inuwar da zata danne gero. Ga shi kuma dangin wake da gyaɗa ne, a saiwarsa akwai 'yan ƙulle-ƙullen da ke kamo naitirojin daga iska. Amma in faɗi gaskiya ba ganye kaɗai ke gyara gindin gawo ba, da rani shi ne mai inuwa, shanu da awaki nan suke kwanciya suna cin 'ya'yansa suna kashi da fitsari, ƙurar hunturu ma da ke tasowa daga can Chadi tana maƙalewa a rassansa ta zubo, kuma ƙurar nan tana ɗauke da kalsiyam da fotashiyam. Duk sun haɗu. Mutanenmu na wajen Azare da Gamawa da Jama'are da Nafada, inda jigawa ta fi yawa, in kana da gawo a gona dan Allah kada ka bari mai gawayi ya ruɗe ka da 'yan kuɗin da ba zasu kai wata ba.

Ɗorawa da kaɗanya, waɗanda suka fi yawa ta kudu wajen Dass da Tafawa Ɓalewa da Kaltungo da Billiri, labarinsu daban. Ƙasar gindinsu tana da kyau, baƙa ce, amma dawa da masara basa yin kirki a nan musamman gindin ɗorawa, sai mutum ya ɗauka itacen ne ke kashe ƙasa. Ba ƙasar bace, inuwa ce. Ɗorawa duk da tana dangin wake bata kamo naitirojin kamar gawo, amfaninta a kalwa yake da yawan ganyen da take zubarwa. Abin yi shine ka rage mata rassan ƙasa bayan an gama ɗiban kalwa don rana ta shiga, ka shuka abinda ke jure inuwa a gindin kamar barkono ko gwaza in wurin na riƙe damshi, sannan ka kwashi wani kaso na ganyen ka kai fili. Kada ka kwashe duka, ita ma da shi take rayuwa.

Tsamiya kuwa kowa ya san gindinta fayau yake ko ciyawa bata cika fitowa ba, har muna yara ake hana mu zama wurin da tsakar rana. Inuwarta mai kauri ce kusan duk shekara, ganyenta kuma da tsami. Ni bana binne shi shi kaɗai, cikin ramin taki nake sa shi da ɗan toka. Kuka ganyenta na da kalsiyam sosai kuma yana narkewa da wuri, sai dai miya ta riga ƙasa, ɗan abinda ya rage ne ke faɗowa. Marke ma tsofaffi suna cewa inda ka ga ya yi yawa ƙasar wurin ta noma ce.

Dogon yaro, wanda wasu ke cewa maina ko darbejiya, shi ne muka fi samu a cikin gari, kuma shi ne aka fi ƙonawa. Ganyensa taki ne mai kyau, saiwarsa na zuwa da nisa ta ɗebo kalsiyam, yana taimakawa ƙasar jigawa da ta fara tsami. 'Ya'yansa ma in aka daka aka haɗa da yuriya suna rage saurin da takin ke narkewa ya bi ruwa. Amma kada ka dasa shi tsakiyar gona, yana gasa da shuka wajen ruwa, bakin iyaka ya fi masa. Malaina ma haka, ganyenta na ƙara wa saman ƙasa kalsiyam.

Turare shi ne nake jan kunne a kai. Yana girma da sauri, yana bada azara da itacen rufi, kuɗi ne, ban hana kowa ba. Amma ganyensa akwai mai a ciki, wannan ƙamshin da kake ji in ka murza, ga tauri ga bauri, baya ruɓewa da wuri kuma yana hana ƙananan tsiro tashi, sannan itacen na shan ruwa ba kaɗan ba. Na ga mutum ya zagaye fadamarsa da shi, bayan 'yan shekaru layin da ke kusa da itatuwan ya daina bada komai. In zaka dasa, ka ware masa fako ko tudun da baka nomawa, nesa da rijiya da lambu. Tun 2019 da aka fara shirin dashen itatuwa na 3G a Gombe mutane sun ƙara son dashe, abu ne mai kyau ƙwarai ga garin da zaizayar ƙasa ke cinye unguwanni, roƙona kawai in ka je karɓar dashe ka faɗa musu inda zaka sa, gona ce ko bakin titi ko bakin kwari, don ba itace ɗaya ya dace da duka ba.

Kada in manta da kalgo da sabara, waɗanda muke sarewa duk shekara da sassabe kamar abokan gaba. Ka lura da gindinsu, zaka ga ƙasa ta ɗan yi tudu, wannan ƙasar gonar wani ce iska ta kwaso suka tare maka. Saiwarsu na jawo damshi daga ƙasa da dare ya jiƙa sama-sama, gero na kusa da su yana jure fari fiye da na fili. Ka sare su da farkon damina ka daddatsa rassan da ganyen ka shimfiɗa a wurin, ɗanyen ganye ne mai ƙarfi, zasu sake tohowa da kansu.

Maganar tsamin ƙasa kuma, ruwa baya tsami banza, ƙasa ma haka. Ma'aunin da ake kira pH daga 0 yake zuwa 14, 7 ne tsakiya, ƙasa da haka tsami, sama da haka ɓangaren kanwa. Ka taɓa ganin an jefa kanwa cikin zoɓo ya bar ja ya koma duhu? To wannan canjin ne ake aunawa. Yawancin amfanin gonarmu sun fi son tsakanin 5.5 da 7. In ya sauka ƙasa da 5.5 fosfaras yana maƙalewa, ka zuba taki shuka ta kasa ɗauka, kuma yawan zuba yuriya shekara da shekaru ba tare da takin gargajiya ba yana jan ƙasa zuwa tsami a hankali. Ganye mai kalsiyam yana ja da baya. Akwai 'yar takardar gwaji da ake samu a shagunan kayan gwaje-gwajen makaranta, ka zuba ƙasa kofi ɗaya ruwa mai tsabta kofi biyu, ka dama, ka bari ya kwanta rabin awa, ka tsoma takardar ka gwada launin da na jikin kwalin. Ka yi na gindin itace ka yi na fili da ruwa iri ɗaya. Masu baƙar laka da mutanen wajen Bajoga da Ashaka inda dutsen siminti yake, ku matsa lemon tsami a kan busasshiyar ƙasa, in ta yi kumfa to ƙasarku bata da matsalar tsami, kada ku ƙara mata toka. In kana son sahihin awo ka ɗebi ƙasa wuri goma a gonar zurfin santimita 20, ka gauraya, ka shanya a inuwa, ka ɗauki rabin kilo ka nemi malamin gona ya haɗa ka da masu awon ƙasa a jami'a irin ATBU ta Bauchi.

Toh yanzu yadda zaka yi amfani da ganyen. Mai laushi da ɗanye, irin gawo, zogale, dogon yaro, ka binne a kunya lokacin huɗa ko sati ɗaya zuwa biyu kafin shuka. Mai tauri, mangwaro da kashu da kaɗanya, bargo ne, ka shimfiɗa shi a sama kada ka binne, yana hana rana ƙona ƙasa, yana rage ƙarfin ɗigon ruwa, gara ta ci shi a hankali ta huda maka fako ruwa ya samu shiga. Matsalarsa iska, don haka ka danne da karan dawa ko ka watsa masa ƙasa kaɗan. In kuma kana son mai taurin ya zama taki sai rami. Ni nakan tona mai zurfin gwiwa a inuwa tun watan Janairu ko Fabrairu, in zuba ganye kwando uku, kashin awaki ko na shanu kwando ɗaya, in na kaji ne rabi ya isa don yana da zafi, in watsa ƙasar gona kaɗan, in yayyafa ruwa har ya jiƙe amma in ka matsa baya ɗiga, haka hawa-hawa har ya cika, in rufe da tsohon buhu. Ruwan wanke-wanke marar omo yana yi. Toka barbaɗawa ake kamar gishiri, in ka jibga ta a kan ɗanyen kashi naitirojin zai gudu, zaka ji warin yana hawa hanci. Ka soka sanda a tsakiya, bayan kwana huɗu ko biyar ka zaro ka taɓa, in da ɗumi aiki na tafiya, in sanyi ƙalau to ko ruwa ya yi kaɗan ko kashi. Ka juya duk sati biyu zuwa uku. Wata biyu zuwa uku ya nuna, amma in da turare a ciki ka ƙara masa lokaci kuma kada ya wuce ɗan kaso.

Wuta kuwa, na san dalilin da yasa ake sa ta, macizai da kunama da saurin aiki, kuma toka tana sa yabanya ta yi kyau a farko saboda fotashiyam da kalsiyam suna nan cikinta. Amma naitirojin, wanda shi ne kake saya da tsada a buhun yuriya mai kashi 46, hayaƙi yake bi ya tafi, tokar ma iskar bazara ta kwashi rabinta kafin ruwa ya sauka, ƙasa ta zauna tsirara wata uku a rana. Gonar da ake wa haka duk shekara ita ce ciyawar wuta-wuta ke mamayewa. In dole sai ka ƙona, ka ƙona ƙaya da karan da ke da tsutsa kawai, a wuri ɗaya.

Wanda gonarsa babu itace ko ɗaya, ba sai ka jira dashe ba. Manoman Maraɗi a Nijar tun shekarun 1980 suka koma barin tohon kututture maimakon sarewa, suna ce masa sassaben zamani, kuma da haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram. In ka zo sassabe bana, duk kututturen da ya yi toho ka zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, ka ɗaura musu jan tsumma don 'yan ƙwadago da masu kiwo su san da gangan aka bari. Shekara mai zuwa ka rage su zuwa ɗaya ko biyu. Ƙananan gawo kuma ka duba inda awaki ke kwana, irin da ya bi ta cikinsu ya fi saurin tsirowa, in kuma da hannu zaka shuka ka jiƙa irin a ruwan zafi ya kwana, ka bar taku goma zuwa goma sha biyu tsakanin kowane biyu, ka kewaye shi da ƙayar magarya har ya fi ƙarfin bakin akuya.